Layin da Malam Mahamud Ya Ɓoye

Malam Mahamud ya shekara goma sha tara yana sakataren ƙungiyar dukawan Zango, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak aka taɓa tura shi Yamai. Horo ne na kwana uku a kan aikin ordinata, wato kwamfuta. An koya musu abubuwa da dama, amma da ya dawo Damagaram abu ɗaya ne ya zauna masa a kai.

Mai koyar da su, wani siririn mutum mai farin tabarau, allon ordinatarsa fes yake. Wannan ɗan layin da ke kwance a gindin allo, inda agogo yake da alamar rezo, wato intanet, da duk abin da mutum ya buɗe, shi nasa ba a ganinsa. Sai ya gangara da kibiyar linzami, ɗan abin nan da ake juyawa da hannu, can ƙarshen allo, layin ya leƙo, ya taɓa abin da yake so, layin ya koma ya ɓuya. Malam Mahamud ya ga haka, ya ji a ransa ashe shekara da shekaru zaman ƙauyanci yake yi a gaban ordinata bai sani ba. Da aka tashi cin abinci ya bi mutumin har wurin wanke hannu, ya sa ya nuna masa yadda ake yi, ya rubuta a bayan takardar gayyata.

Biron ƙungiyar, wato ofishinta, ɗaki ɗaya ne a bayan rumfunan dukawa, kullum cikin warin jima da rini. Ordinata ɗaya ce, tsohuwa, mutum biyu ke aiki da ita. Da safe Ummul Khairi ce, wadda ke kula da masu saye na nesa. Ita ke ɗaukar hoton jakunkuna da alabe da tumtum ta aika Kano da Agadas, ita ke amsa saƙonni. Da rana kuma Malam Mahamud ya karɓa ya buga wasiƙun ƙungiya. A ranar da ya dawo daga Yamai, tun bai huta gajiyar hanya ba ya shiga biro ya ɓoye layin. Ya zauna yana kallon allon kamar wanda ya share tsakar gida.

Washegari da ya iso, ya tarar da Ummul Khairi ta yi tagumi.

"Malam, ordinatar nan ta lalace. Layin ƙasa ya ɓace."

"Bai ɓace ba, Ummu. Wayewa ya yi."

Ya ja kujera ya nuna mata. Ya gangara da kibiya, layin ya ɗan yi nawa sannan ya leƙo. Ya ɗaga kibiya, layin ya nutse. Ya yi haka sau huɗu, ita tana kallo.

"To mene ne amfaninsa?"

"Fili. Dubi yadda allon ya buɗe."

Ta sa yatsa a gindin allon ta auna. "Faɗin yatsa ɗaya ne fa, Malam."

"Yatsa ɗaya a kowace rana. Ki haɗa na shekara ki gani."

Daga baya, duk lokacin da ya tuna wannan magana sai ya rufe ido. Amma a ranar ji ya yi ya faɗi abin da ya kamata a rubuta a bango.

Ummul Khairi ta gwada mako guda, sannan ta kawo masa ƙorafi. Ta ce in tana cika layin ƙarshe na takarda, da ta matsa ƙasa sai abin ya yi tsalle ya rufe mata rubutu. In kuma nemansa take, sai ta yi ta dukan gindin allo da kibiya kafin ya ga damar fitowa. Ta ce wani mai saye na Agadas ya yi mata magana tun ƙarfe tara, saƙon yana can ƙasa yana ƙyaftawa inda ba mai ganinsa, ba ta lura ba sai azahar. Ko ƙarfe nawa ne ma sai ta je ta tono.

Malam Mahamud ya saurara da fuskar wanda ya ga duniya, ya ce sabo ne kawai.

Daga nan aka shiga wani yaƙi da ba a magana. Ita ta gano yadda ake tsayar da layin, da safe ta tsayar. Shi da rana ya ciro takardar gayyatarsa ya sake ɓoyewa. Suna gaisawa lafiya lau a bakin ƙofa, tana tambayar iyali, yana tambayar mahaifiyarta, ba wanda ke ambaton layi. Sai da aka yi mako uku a haka, sannan shi da kansa ya kai maganar gaban perezidan, shugaban ƙungiya.

Perezidan shi ne Baba Inusa, tsohon baduku da ya haura saba'in, wanda in ya shafa fata da tafin hannu zai gaya maka ko akuyar ta sha wahala a rayuwarta. Boko kam bai yi ba, ordinata kuwa bai taɓa sa mata hannu ba. Ya saurari kowa yana ci gaba da ɗinkin wani alabe, sannan ya ɗaga kai.

"A cikinku wa ya je Yamai?"

"Ni ne, Baba," in ji Malam Mahamud.

"To a bar shi yadda na Yamai suke yi."

Ummul Khairi ta ce, "To, Baba." Ba ta sake taɓa layin ba.

Da yamma Malam Mahamud ya ba matarsa Kellu labarin nasarar tun daga farko, har da kwaikwayon muryar Baba Inusa. Kellu tana tankaɗe, ta ce, "Kai da in na ɗauke hularka daga kan ƙusa na sa a ɗaki sai ka tada gidan nan, kai ne yau ke son abin da ke ɓuya?" Ya ce mata wannan daban, wancan daban, ita ba za ta gane ba. Ta ce haka ne.

Wata biyu bayan nan, wata Hajiya Rukayya, 'yar kasuwar Kano da ta daɗe tana sayen kayansu, ta samar wa ƙungiyar rumfa a wani bajekolin sana'o'in hannu da za a yi a can. Abin da ake bukata shi ne sunayen dukawa goma sha biyu da za su je, da hoton kowa, da hoton aikinsa, a aika kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Alhamis. Ummul Khairi ta tattara hotunan ta ajiye su wuri ɗaya. Ranar Talata ta tafi Zermu bikin ƙaninta, ta bar wa Malam Mahamud haɗawa da aikawa, aikin da bai fi na awa ɗaya ba.

Ranar Laraba da hantsi, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi a babur daga gida ya zo kauce wa wata tunkiya, suka zube. Mai babur ya tashi yana karkaɗe wando, tunkiya ta wuce abinta, Malam Mahamud kuwa ya tashi da hannun dama yana lilo daga wuyan hannu. Agogonsa ya fashe a wurin. Aka kai shi wurin wani maɗori a Birni, aka ja, aka ɗaure da karare, aka rataya masa hannun a wuya. Kellu ta ce ya kira Ummul Khairi ta dawo ko ya nemi wani ya taya shi. Ya ce aikin danne-danne ne, hannun hagu ma ya isa.

Ranar Alhamis ƙarfe tara ya zauna gaban ordinata. Baba Inusa ya shigo ya zauna a benci kusa da shi, don ya ga tafiyar takardun da idonsa. Ya laluba bango ya sa wayarsa caji, ya harɗe ƙafa.

Malam Mahamud ya ɗora hannun hagu a kan linzami, nan take ya gane bai san wannan hannun ba. Shekara hamsin da huɗu suna tare, amma ban da riƙe buta bai taɓa ba shi wani aikin kirki ba. In ya nufi gabas da kibiya sai ta yi kudu. In ya zo danna maɓallin hagu sai yatsan ya faɗa na dama, wani jerin rubutu ya buɗe da ba shi ya nema ba.

Sunayen dai ya buga su da yatsa ɗaya, a hankali. Wahalar ta fara ne da aka zo haɗa hotuna. Kowane baduku sai an je wurin hotuna a ɗauko nasa, a dawo wurin saƙo a liƙa, kuma hanyar da ya sani ta zuwa da dawowa ɗaya ce, ta layin nan da ya ɓoye. Ya gangara da kibiya. Layin bai fito ba. Ya ƙara dannawa ƙasa, ya jira, layin ya leƙo. Ya ɗan ɗaga kibiya don ya taɓa abin da yake so, hannun ya zarce, layin ya nutse. Ya sake. A karo na uku ya danna da sauri kafin ya gudu, amma ya riga ya gudu, dannawar ta faɗa kan wani abu da ke bayansa. Allon ya cika da hoton Malam Mahamud a Yamai, cikin babbar riga, riƙe da takardar shaida yana murmushi har kunne.

Baba Inusa ya matso da fuska. "Wannan ai kai ne."

"Ni ne, Baba."

"Shi ma Kanon za a aika?"

"A'a, Baba. Dubawa kawai nake."

Haka aka yi ta fama. Mutum goma sha biyu, kowa hoto biyu, kowane hoto zuwa da dawowa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, karyayyen hannun yana zogi duk lokacin da ya sunkuya. Sau biyu ya liƙa wa wani baduku jakar wani, ya cire. Baba Inusa ya tambaye shi me yake farauta a gindin gilashin, ya ce masa tsarin aikin ne haka. A ransa kuwa yana zagin siririn mutumin nan na Yamai, wanda yake da hannu biyu lafiyayyu da sabuwar ordinata, bai kuma taɓa cewa kowa ya kwaikwaye shi ba.

Daga ƙarshe ya danna aikawa, ya jingina da kujera, ya ce, "An gama, Baba. Yanzu haka suna Kano."

Baba Inusa ya yi hamdala, ya aika aka kawo musu shayi. Suna sha Malam Mahamud ya dawo cikin hayyacinsa, har ya fara bayanin yadda saƙo ke tafiya ta iska ya tsallake iyaka ba tare da an tsayar da shi a duwan, wato kwastan, ba. Bai san ƙarfe nawa ba. Agogon hannu ya fashe, na ordinata yana ɓoye, wayarsa kuma tana aljihun dama, inda hannun hagu ba ya kaiwa sai da murɗa jiki.

Wayar ce ta yi ƙara. Ya murɗa, ya ciro ta da ƙyar. Hajiya Rukayya ce.

"Malam Mahamud, lafiya kuwa? Ina ofishin mutanen nan tun ɗazu, ba abin da ya shigo. Sha biyu saura ashirin da biyar. Sun ce in lokaci ya cika za su ba wasu rumfar."

"Hajiya, ai na aika tuntuni."

"To bai zo ba. Ka duba."

Ya gangara da kibiya. Da layin ya leƙo, kafin ya nutse, ya hango alamar rezo a kusurwa da ɗan jan tabo a kanta. Ya juya ya dubi bango. Ɗan akwatin rezo yana nan a kan kanta, fitilunsa a mace, wayar wutarsa a zare tana lilo. A ramin wutar da ake sa ta, cajin Baba Inusa ne ke ciki. Tun ƙarfe tara babu rezo a biron. Ordinatar ta sani, ta kuma faɗa, sai dai a wurin da shi da hannunsa ya hana ta nunawa.

"Baba, zan ɗan cire wayarka."

"Cire mana. Ta ma cika."

Ya mayar da wayar akwatin, fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Amma tsohuwar ordinatar ba ta komawa rezo da kanta, sai an danna wannan 'yar alamar ta kusurwa, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba. Ya kira layin, ya fito, ya bi shi a hankali zuwa kusurwa, kibiya ta ɗan haura, ya nutse. Sau biyar. Dukawa biyu da suka ji maganar Hajiya sun zo sun tsaya a bakin ƙofa suna kallonsa.

Ya ce a ransa bari ya tsayar da layin kawai a huta. Sai ya tuna bai san yadda ake yi ba. Abin da ya rubuto daga Yamai yadda ake ɓoyewa ne, takardar ma tana gida. Tsayarwa kuwa a duk ƙungiyar mutum ɗaya ce ta taɓa yi.

Ya daɗe yana kallon sunan Ummul Khairi a waya, a ganinsa, ko da yake bai fi ƙiftawar ido uku ba. Ya kira, ya ƙara sauti, ya ajiye wayar kusa da ordinata.

Ummul Khairi ta ɗauka cikin hayaniyar mata da kiɗan ƙwarya. Ta ce ya dakata ta fita waje. Ta fara yi masa jaje, don labarin hannun ya kai Zermu. Ya katse ta, ya gaya mata halin da ake ciki, bai rage komai ba.

"Saki linzamin, Malam," in ji ta. "Dubi maɓallan rubutu, layin ƙasa, wajen hagu. Akwai wani mai zanen taga. Danna shi."

Ya danna. Layin ya fito ya tsaya cak, kamar bai taɓa gudu ba.

"Ya fito?"

"Ya fito."

"To yanzu bi a hankali, ba inda za shi."

Ya kai kibiya kan alamar, ya danna, jan tabon ya ɓace. Saƙon da ke maƙale ya fara tafiya, hoto bayan hoto. Agogon kusurwa yana nuna sha biyu saura goma sha ɗaya. Da ya nuna saura shida, sai wayar Baba Inusa ta yi ƙara, Hajiya ce ke cewa ya shigo.

Ummul Khairi tana kan layi har lokacin. Malam Mahamud ya gyara murya.

"Ummu, wannan maɓallin, tun yaushe kika san shi?"

"Tun ranar da Baba ya yanke hukunci. Da shi nake aiki."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ba ka tambaya ba, Malam. Kuma kai ne ka je Yamai."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa bai sami abin kamawa ba. Ya ce ta gaya masa yadda ake tsayar da layin gaba ɗaya. Ta bi da shi mataki-mataki, ya cire 'yar alamar da ya sa wata biyu da suka wuce. Layin ya zauna a gindin allo da agogonsa da komai.

Baba Inusa ya leƙa. "Wannan abin da ya fito, shi ne kuka kawo mini ƙara a kansa?"

"Shi ne, Baba."

"Yanzu mun bar na Yamai ke nan?"

"Mun koma na Zermu."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce shi dai tun farko bai ga abin faɗa a ciki ba, ya ɗauki wayarsa ya fita.

Dukawa suka je Kano suka dawo da fara'a. Malam Mahamud bai je ba saboda hannu. Ya yi kwana arba'in da karare, ya kuma ba da labarin nan da bakinsa a majalisa fiye da sau goma, don ya lura in bai riga su ba dukawan nan biyu na bakin ƙofa za su ba da shi, kuma nasu ya fi muni.

Wata rana da safe ya shigo biro da wuri ya tarar da Ummul Khairi tana nuna wa wani baƙo daga Agadas hotunan jakunkuna. Ya dubi allon, ya ga babu layi. Jaka ta cika gilashin daga sama har ƙasa, ɗinkin ya fito sarai. Ya tsaya a bayansu, ya daure har baƙon ya tafi.

"Ummu, na ga kin ɓoye shi."

"Don baƙo ne. Hoton ya fi kyau, kuma ba na son ya ga sunayen sauran masu saye suna ƙyaftawa a ƙasa." Tana magana tana mayar da layin wurinsa.

"Ashe dai yana da amfani."

"Yana da shi mana, Malam. Na minti goma."

Ya karɓi minti goman nan hannu biyu. Da ya koma gida ya gaya wa Kellu cewa a ƙarshe dai an gane gaskiyarsa, bai ambaci adadin mintocin ba.

Bayan salla ƙarama, wata ƙungiyar mata masu saƙar tabarma a Droum ta sami ordinata, suka aiko a taimaka musu da wanda zai daidaita ta. Baba Inusa ya tura Malam Mahamud. Sakatariyarsu, wata mai suna Maryama, ta taɓa ganin allon wani jami'i babu layi a ƙasa, sai ta tambaye shi wanne ya fi, a ɓoye ko a bari. Ya ji jawabi ya taso masa tun daga ciki, da Yamai da komai. Ya haɗiye. Ya tambaye ta su nawa za su yi aiki da ita. Ta ce su huɗu ne, biyu ba su taɓa riƙe linzami ba, ɗaya kuma idonta ba ya gani sosai. Ya ce a bar shi a inda kowa zai gan shi.

Aikin duka bai kai rabin awa ba. Ya ga ya sha doguwar hanya, an yi masa fura, an shimfiɗa masa sabuwar tabarma, bai kamata ya tashi bai nuna wani abu ba. Sai ya sa musu wani tsari da ya gani kwanan nan, wanda in an bar ordinata minti ɗaya ba a taɓa ba, kifaye masu launi za su fito su yi ta iyo a allon. Matan suka taru suna kallo, suka yi ta sa masa albarka.

Motarsu ba ta kai rabin hanyar Damagaram ba wayarsa ta yi ƙara. Maryama ce. Ta ce suna cikin karanta wata takarda kifayen nan sun fito sun rufe ta har sau uku, don Allah yaya ake korarsu.

Malam Mahamud ya dubi gonakin gero ta tagar mota. Ya ce mata ta ɗan motsa linzamin tukuna, zai tambaya ya kira ta.